Shiru Ma Kayan Karatu Ne

 

Yau maganarmu a kan kunne take. Kunnen yaro ɗan makaranta.

Idan aka tashi lissafa abin da makaranta ke bukata, kowa ya san abin da ake faɗa. A ce aji, a ce benci, a ce allo da alli, a ce littafi da malami. In an zurfafa a ce ban-ɗaki da ruwan sha. Duk gaskiya ne. Amma akwai abu guda da ba ya shiga lissafin. Ba ya cikin kasafin kuɗi, kuma babu ɗan kwangilar da ake ba aikin kawo shi. Wannan abu shi ne shiru. Ina nufin shirun wurin da aka gina makarantar, yadda muryar malami za ta tashi daga gaban allo ta isa bencin ƙarshe ba tare da wani abu ya cinye ta a hanya ba. Shiru ma kayan karatu ne. Ku riƙe mini wannan, za mu yi ta komowa kansa.

Bari mu fara da tambayar da na san tana bakin wasunku. Ai yara suna sabawa, ko ba haka ba? Wanda aka haifa a gefen filin jirgi, jirgi zai wuce bai ko ɗaga kai ba. Wanda gidansu ke bakin titi yana barcinsa tirela na wucewa. To, ina matsalar?

Amsar ta fito ne daga wata makarantar firamare a birnin New York na Amurka, a can arewacin tsibirin Manhattan. Makarantar gwamnati ce mai lamba 98. Kusa da ita akwai layin dogo da aka ɗora a kan gada, jiragen ƙasa na cikin gari suna bi ta kai. Rabin azuzuwan suna fuskantar layin dogon. Sauran rabin suna ɗaya ɓangaren ginin, inda ƙarar ba ta kaiwa sosai. Yaran unguwa ɗaya ne, makaranta ɗaya, manhaja ɗaya. Bambancin kawai inda tagar ajinka take kallo.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Arline Bronzaft, ta je ta duba. Ta tarar kusan kowane minti huɗu da rabi jirgi ke wucewa. Duk wucewa sai malama ta yi shiru na kusan rabin minti, don ko ta yi magana ba mai ji. Idan aka tara waɗannan ƙananan tsayawa, kusan kashi 11 cikin 100 na lokacin darasi ya tafi. Sai ta ɗauko sakamakon jarrabawar karatu. Yaran ɓangaren layin dogo suna baya. 'Yan aji shida kuwa tazarar ta kusa kai shekara guda. An wallafa wannan bincike a 1975.

To, ga inda labarin ya yi daɗi. Ba a tsaya ga rubuta rahoto ba. Hukumar sufurin birnin ta sa roba a ƙarƙashin ƙarafan layin dogon. Hukumar ilimi kuma ta sa wa azuzuwan silin mai shanye sauti. Bronzaft ta sake komawa, ta fitar da sakamako a 1981. Tazarar ta ɓace. Yaran ɓangarorin biyu sun zo daidai.

Ku lura, masu sauraro. Ba a sauya yaran unguwar ba. Ba a kawo sabuwar manhaja ba. Ƙara aka rage, karatu ya tashi. Kuma waɗancan yaran da suka koma baya, su ma ai sun saba da jirgin. Tun suna aji ɗaya suke jin sa. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Kunne yana sabawa har ya daina firgita, amma kalmar da ƙara ta rufe ta riga ta wuce, sabo ba ya dawo da ita.

Yanzu mu bar jirgin ƙasa, mu ɗaga kai sama.

A watan Mayun 1992, birnin Munich na Jamus ya rufe tsohon filin jirginsa na Riem, ya buɗe sabo a wajen gari. Cikin dare ɗaya aka yi ƙaurar. Unguwannin da suka shekara da shekaru cikin rugugin jirage suka wayi gari tsit. Ƙauyukan da ba su san komai ba sai kukan tsuntsu suka wayi gari jirage na bi ta kansu. Masu bincike uku, Staffan Hygge da Gary Evans da Monika Bullinger, suka ga dama ta samu. Sun gwada yara 326, masu shekara 10 ko kusa da haka, tun kafin ƙaurar. Suka sake gwada su har sau biyu bayan ƙaurar. Me suka gani? Yaran tsohon filin, karatunsu da riƙon abin da suka karanta ya inganta. Yaran sabon filin kuwa nasu ya ja baya. Ƙara ta tashi daga nan ta koma can, matsalar ta bi ta.

Daga baya an yi wani bincike mafi girma a kewayen filayen jirgi uku, wato Heathrow na Landan, Schiphol na Amsterdam da Barajas na Madrid. Yara kusan 2,800 ne a makarantu 89, kuma mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon a 2005. Magana ɗaya ce. Duk inda ƙarar jirgi ta ƙaru a kan makaranta, fahimtar karatu tana raguwa. Kuma an cire tasirin talauci da matsayin ilimin iyaye kafin a kai ga wannan hukunci. Ba sai na tsawaita a nan ba.

Abin da nake so mu ɗan zauna a kai shi ne dalili. Me ya sa abin ya fi cin yaro fiye da babba?

Kai babba, idan kana hira a tasha, mota ta danna oda ta rufe kalma biyu, ba ka rasa zancen. Kanka cike yake da kalmomi, ka san inda magana ta dosa, sai ka cike giɓin da kanka ba tare da ka ma sani ba. Yaro ɗan aji biyu ba shi da wannan jari. Kalmar da malam ke faɗa, wataƙila yau ya fara jin ta a duniya. In rabinta ya ɓace, ba shi da inda zai samo sauran. Kuma ƙara ba ta cin sauti daidai wa daida. Wasula suna da ƙarfi, suna tsira. Baƙaƙe su ne marasa ƙarfi, su ke fara nutsewa, alhali su ne ke raba kalma da 'yar'uwarta. Yaron da ke koyon haɗa baƙi da wasali, abin da yake nema ya kama shi ne ainihin abin da ƙarar ke ɗaukewa.

Ku ƙara da wannan. Yaranmu da yawa suna karatu da harshen da ba shi suka tashi da shi a gida ba. A Najeriya da Gana Ingilishi, a Nijar da Chadi da wani sashe na Kamaru Faransanci. Bincike ya daɗe da nuna cewa mai sauraron harshe na biyu ya fi mai harshen uwa wahala idan akwai hayaniya. Sannan ga yaran da suka yi fama da ciwon kunne, jinsu ya ragu, ba wanda ya taɓa gwada su. Irin wannan yaro yana bencin baya, ya ji rabi ya rasa rabi. Da ya ga ƙoƙarinsa ba ya biya, sai ya saki. Daga nan a ce daƙiƙi ne. A ce ba ya mai da hankali. Wani lokaci har a zane shi. Allah kaɗai ya san yara nawa aka yi wa wannan tambari alhali laifin na injin da ke bayan taga ne.

Malamin ma bai tsira ba. Wanda ya wuni yana gasar ɗaga murya da janareto, kafin azahar muryarsa ta dishe. Mai ɗaga murya kuma haƙurinsa gajere ne. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka tun 1999. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Ta ce ƙarar da ke shiga aji lokacin darasi kada ta wuce desibel 35, a filin wasa kuma kada ta wuce 55. Don ku gane, hirar mutum biyu da ke kusa da juna tana kai wajen 60. Wato ana so aji ya yi shirun da malami zai yi magana da muryarsa ta yau da kullum, kowa ya ji. Ku tambayi kanku, aji nawa ne a garinku zai ci wannan jarrabawa?

A nan wani dattijo zai ce, to ai mu a makarantar allo muka tashi. Yara hamsin, kowa na rera nasa allon da ƙarfi, kuma aka haddace Alƙur'ani. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa. A makarantar allo kowane yaro yana maimaita abin da aka riga aka biya masa ne. Amma lokacin biyawa fa? Malam kiran yaro yake ya zo gabansa, gwiwa da gwiwa, ya faɗa masa a kusa, ya saurari bakinsa. Kuma ku tuna inda magabata ke kafa tsangaya. Bayan gari suke fita. Gardi in ya tashi tilawa ta gaske, kiskadi yake tafiya, ya bar mutane da hayaniyarsu. Ashe malamanmu na dā sun riga masu binciken Turai sanin cewa shiru kayan karatu ne.

To, yanzu mu dawo gida sosai.

Gaskiya ita ce filayen jirginmu ba su da cunkoson Heathrow, inda jirgi ke bin jirgi tun safe har dare. Amma muna da filayen da gari ya riga ya haɗiye. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, filin jirgin kuma ya fara aiki a 1936. A lokacin, wurin bayan gari ne. Yau dubi yadda unguwanni suka kewaye filin jirgin Malam Aminu Kano, daga Kurna zuwa Jaba zuwa Birged, kowace da makarantunta na gwamnati da na kuɗi da Islamiyyu. Haka Ikeja a Legas. Haka filin jirgin Accra da na Khartoum, waɗanda suke cikin gari tsundum. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirgi tun 1964, ƙananan jiragenta na shawagi a kan unguwanni. A wasu garuruwan kuma jiragen yaƙi ne, waɗanda ƙararsu ta fi ta jirgin fasinja nesa ba kusa ba. A yawancin wuraren nan filin jirgin ya riga makarantar zuwa. Mu ne muka bi shi da gini. Don haka kafin mu zagi jirgi, mu tambayi wanda ya yanka filin, da wanda ya sa hannu a takardar izinin ginin.

Amma in za mu faɗa wa juna gaskiya, a mafi yawan makarantunmu babban mai laifi yana ƙasa ne, ba a sama ba. Mai injin markaɗe da ya jingina shagonsa da katangar makaranta. Mai walda da janaretonsa. 'Yan adaidaita sahu da suka mai da ƙofar makaranta tasha. Mai tallar maganin gargajiya da ya ɗaure lasifika a kan mota, ya faka a gindin taga, yana faɗar abin da bai kamata yaro ya ji ba ma. Wani lokaci janareton makarantar ne da kanta, an ajiye shi a bayan aji don ofishin shugaba ya sami fanka. Akwai kuma wani abin takaici da ya zama ruwan dare, a yanka gaban makarantar gwamnati a jera shaguna, a ce ana nema mata kuɗin shiga. Kuɗin haya ya shigo, karatu ya fita.

Sai ginin kansa. Rufin kwano ba silin. Da damina in ruwa ya sauko, an tashi darasi, sai dai a zauna ana kallon juna. Bango bai kai rufi ba, don haka ajin da ke maimaita jadawalin sau yana cikin kunnen ajin da ke rubutun shifta. A Nijar kuma har yanzu akwai azuzuwan zana, waɗanda ba sa tare ko tarin mai wucewa.

To, mene ne abin yi? Mu fara da abin da masu hali suka yi, sannan mu ga wanda zai yi mana.

A Amurka, birnin Chicago ya fara gyara makarantun da ke kewaye da filin jirgin O'Hare tun 1982. An sa tagogi masu kauri, an ƙara wa rufi nauyi, an sa na'urar sanyaya ɗaki don a iya rufe taga. Makarantu fiye da 100 sun amfana. Abin lura shi ne inda kuɗin ya fito. Daga harkar jiragen ya fito, wato kuɗin da fasinja ke biya da tallafin hukumar jiragen sama. Mai ƙarar shi ya biya kuɗin shirun. Wannan ƙa'ida ce da ya kamata mu ɗauka yadda take.

Amma tagar gilashi a rufe ruf, a Sakkwato ko Damagaram, a watan Afrilu, ba wuta? Wannan gasa yara ne. Duk wanda ya kwaso mana wannan tsari bai gyara shi ba, bai san ƙasar ba.

Akwai wani misali da ya fi kusa da mu, kuma abin mamaki daga Landan ya fito. Makarantar ƙananan yara ta Hounslow Heath tana ƙarƙashin hanyar saukar jiragen Heathrow. Jirage na wucewa ƙasa-ƙasa, har yara ba sa jin malama a filin wasa. Me suka yi? Ɗakunan ƙasa suka gina. Ƙananan ɗakuna masu tulluwa, da buhunan da aka cika da ƙasa aka jera aka yaɓe, bisa fasahar wani magini ɗan asalin Iran, Nader Khalili. A ciki ƙarar tana raguwa sosai, ana karatu ana ba da labari. A 2013 hukumar filin jirgin ta ware kuɗi don a yi wa makarantu 21 irinsu. Ku ji fa. Turawa a Landan sun koma ginin ƙasa don su tsira daga ƙarar jirgi. Mu da muka gaji soro da azara da bango mai kauri, mun watsar, mun rungumi bulo mai rami da fallen kwano.

Ba ina cewa a rushe makarantu a koma tubali gobe ba. Ina cewa sauti nauyi yake tsoro. Bango mai kauri da rufi mai nauyi suna tare shi, kuma su ne dai ke tare zafi. Maginin nan ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, da silin na ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama don iska ta ratsa. Zafi ya yi wa dabara, amma ya nuna cewa ginin ƙasa na zamani abu ne mai yiwuwa a yankinmu, har ya kai shi ga lashe babbar kyautar magina ta duniya, Pritzker, a 2022.

Ga kuma abubuwan da ba sa cin kuɗi sosai. Ƙarar titi daga gefe take zuwa, don haka katanga doguwa, marar huda, tana rage ta. Ƙarar jirgi daga sama take zuwa, katanga ba ta yi mata komai, maganinta rufi da silin. Bishiyoyi suna da kyau, suna ba da inuwa, suna tare ƙura, amma layi ɗaya na darbejiya ba ya tare ƙara, kada a ruɗe ku. Nisa kuwa magani ne na kyauta. Janareto in ka ninka tazararsa da aji, ƙarar da ke isowa tana faɗuwa da kusan desibel 6. A mai da ofis da sito da ban-ɗaki ɓangaren titi. A kai 'yan aji ɗaya da aji biyu, masu koyon baƙi da wasali, can ƙuryar da ta fi shiru. Wannan ba ya bukatar kwangila. Shugaban makaranta zai iya yin sa ranar Litinin.

Mafi arha duka shi ne tun farko kada a gina makaranta a inda bai dace ba. Hukumar kula da jiragen sama ta duniya ta amince da wani tsari a 2001 na rage ƙarar jirage, kuma ɗaya daga ginshiƙansa shi ne tsara yadda ake amfani da filayen da ke kewaye da filin jirgi. A Najeriya ma doka tana nan. Hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hana ƙara tun 2009. Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Abin da nake so in gani shi ne jami'in da zai je duba sabuwar makaranta kafin a ba ta lasisi, ya ƙirga benci, ya leƙa ban-ɗaki, sannan ya tsaya tsakiyar aji ya kasa kunne. In bai ji muryar malami daga baya ba, kada ya sa hannu. Shiru kayan karatu ne, a duba shi yadda ake duba sauran.

Na san akwai mai cewa, yaran da ke zaune a ƙasa, aji ɗaya mutum ɗari, wa ke ta shiru? Ni kuwa na ce su suka fi kowa bukatarsa. Yaron da ba shi da littafi, ba shi da mai yi masa bita a gida, muryar malam ita ce duk abin da ya mallaka. In aka ƙwace ta, me ya rage masa?

Saboda haka, iyaye maza da iyaye mata, ga roƙona gare ku a wannan mako. Ku je makarantar 'ya'yanku ana tsakiyar darasi. Ku nemi izinin malam, ku zauna a bencin ƙarshe na minti goma. In kun ji komai, alhamdu lillahi. In ba ku ji ba, ku kai maganar taron iyaye da malamai, ko kwamitin kula da makaranta. Ku tafi da mai unguwa wurin mai injin da mai waldar, cikin mutunci, domin wataƙila nasa ɗan ma yana cikin ajin. A roƙe shi ya juya injin, ko ya matsar da shi, ko ya jinkirta aikin mai ƙara zuwa bayan tashi. Waɗanda makarantunsu ke ƙarƙashin hanyar jirgi kuma, ku haɗu ku rubuta wa hukumar filin jirgin da hukumar ilimin firamare, ku nemi a zo a auna ƙarar, a sa silin. Malamai, yaron da kuka ga yana yawan cewa "na'am?", ku dawo da shi gaba kafin ku yanke masa hukunci, ku kuma shaida wa iyayensa a kai shi a duba kunnensa.

Nan za mu dakata a yau.  Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani.